Hannuna Ne Ko Buroshin? Layina Ya Ƙi Miƙewa, Oga Ya Ce Ba Ni da Hannu

Assalamu alaikum. Ni saurayi ne ɗan shekara 22, wata takwas ke nan ina koyon fenti a wajen wani maigida. Shafa bango da rola na iya, cike rami da gugar samfefa duk ba su gagare ni ba. Inda nake faɗuwa shi ne yankan layi: mahaɗar bango da silin, gefen firam ɗin ƙofa da taga, da saman katakon gindin bango. Layina kullum kamar sawun maciji. Buroshin da ake ba ni inci 4 ne, ya tsufa, bakinsa ya baje kamar tsintsiya, da shi ake fentin mai, da shi ake na ruwa. Oga yana da nasa ƙarami mai karkataccen baki, a jakarsa yake ajiyewa, ba ya bari kowa ya taɓa. Makon jiya matar gidan da muke wa aiki ta ga shuɗin bango ya hau farin silin ɗin falonta, ta yi magana. Oga ya wanke ni tas a gabanta da gaban 'ya'yanta, ya ce ba ni da hannu. Da na ce masa buroshin ne, ya ce abin da kowane rago ke faɗa ke nan. Tun ranar nan, in na hau tsani hannuna rawa yake. Na tara ɗan kuɗi, ina so in sayi nawa, amma ban san wanda zan zaɓa ba, kuma ina tsoron ya ɗauka raini ne. Wani abokina ya ce in riƙa manna salatif in huta. Wani lokacin ma tunanin barin aikin nake yi. A ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ka ce hannunka yana rawa idan ka hau tsani. Faɗa a gaban baƙi yana da ciwo, musamman ga mutumin da ya san yana iyakar ƙoƙarinsa. Kuma layi ba ya miƙewa a hannun mai fargaba. Saboda haka ka sani, layin da kake yankewa a wannan makon ya fi na watan jiya muni ne don zuciyarka ba a kwance take ba, ba wai ka koma baya ba ne.

Game da buroshin, gaskiyarka ce. Buroshi mai faɗin inci 4, wato milimita 100, an yi shi ne don cinye fili, kamar gate ko faffaɗan katako. Yana ɗibar fenti mai yawa, yana da nauyi, kuma yana rufe maka ganin layin da kake bi. Ko sabo ne ba shi ne abokin wannan aikin ba, balle wanda bakinsa ya baje. Abin da ke baje bakin buroshi kuwa yawanci fenti ne da ya bushe a can gindin gashin, kusa da ƙarfen da ya ɗaure shi. Yana taruwa kaɗan kaɗan yana tura gashin waje, har ya zama kowane sili da inda ya nufa. Silin gashi ɗaya da ya fanɗare ya isa ya ja shuɗi a kan farin silin. Sannan haɗa masa fentin mai da na ruwa yana ƙara lalata shi, domin ragowar mai ba ya barin fentin ruwa ya bi gashin daidai. Da irin wannan buroshin ko ogan naka sai ya sha wahala, shi ya sa ba da shi yake yanka nasa layin ba.

Amma zan ba ogan nasa haƙƙin, ko da ba za ka so ji ba. Ka tsaya a inda ya tsaya ranar nan. Sunansa ne a kan aikin, shi matar ta sani, shi za ta faɗa wa ƙawayenta ko ta hana su kira. Gyaran silin ɗin kuma daga lokacinsa da fentinsa zai fita, kuma shuɗi a kan fari ba ya ɓuya da shafa ɗaya, sai biyu ko uku. Wannan bai halatta masa kunyata ka ba, ya yi kuskure, da ya jira kun fita. Sai dai kai ma amsar da ka ba shi a gaban matar ta zo masa a mummunan lokaci. Kai kana kare kanka ne, shi kuwa abin da ya ji shi ne yaronsa ya gaya wa matar gidan cewa ogan ba ya ba da kayan aiki na kirki. Da wuya mai sana'a ya haɗiye wannan a take. Hana buroshinsa kuma kada ka ɗauke shi mugunta. Buroshin yankan layi yana cinyewa ne daidai da yadda mai shi ke karkata hannu, bayan 'yan watanni ya zama kamar takalmin da ya saba da ƙafa. Yini ɗaya a hannun wanda ya bari fenti ya bushe a ciki ya isa ya kashe shi. Masu fenti da yawa haka suke da nasu.

Akwai kuma ɓangaren maganarsa da ke da gaskiya. A wata takwas hannu bai gama zama ba. Idan ka sayi buroshin da ya fi kowanne kyau gobe, layinka zai gyaru sosai, amma ba zai kai nasa ba tukuna. Ina faɗa maka ne tun yanzu don kada ka saya, ka gwada sau ɗaya, ka ga ɗan lanƙwasa, ka yanke cewa ashe da gaske ba ka da hannu. Ita kuwa matar gidan ba ta da laifi ko kaɗan. Ta biya kuɗi ta ga abin da bai yi mata ba, ta faɗa. Kada ka ɗaure mata fuska.

To, ka saya. Ɗaya tak don farawa, kuma ga abin da za ka nema. Ka nemi mai karkataccen baki irin na ogan, wanda aka yanke gashinsa a jirkice, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wannan tsinin shi ke shiga kusurwa, shi kuma ke ba idonka damar ganin daidai inda fenti ke sauka. Faɗinsa ya zama inci 2, wato milimita 50. Ƙwararru da yawa sun fi son inci 2 da rabi don yana ɗibar fenti da yawa, ba sai suna yawan tsomawa ba, amma ga mai koyo inci 2 ya fi biyayya, kuma zai yi maka bakin silin da gefen ƙofa da saman katakon gindin bango duka. Mai inci 1 ko 1 da rabi na siraran sandunan taga ne, shi ne na biyu da za ka saya idan hali ya yi. Kada ka ruɗu da tunanin cewa ƙaramin buroshi shi ke ba da miƙaƙƙen layi. Fentinsa ƙarewa yake da wuri, sai ka yi ta tsayawa kana sake ɗorawa, kuma duk inda ka tsaya a nan layin ke karyewa.

Sai nau'in gashi, wanda nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗinsu. Gashi iri biyu ne, na dabba da na roba. Na dabba yana shan ruwa kamar gashin kan mutum. Idan ka tsoma shi a fentin ruwa, kafin rabin awa ya kumbura ya yi laɓo-laɓo, ba zai riƙe baki ba. Wurinsa fentin mai ne da banish, a nan yana kwantar da fenti sumul. Ka kuma sani yawancin irin wannan gashin na alade ne, don haka wanda ba ya son taɓa shi sai ya duba rubutun jikin kwalin, akwai na roba da aka yi su don fentin mai ma. Tunda bango da silin yawanci fentin ruwa ake musu, na roba za ka saya. Nailan yana da laushi da juriya, amma yana saki idan ana zafi. Foliyesta ya fi tauri, zafi da ruwa ba sa canja shi sosai, sai dai shi kaɗai yakan bar sawu. Shi ya sa haɗin nailan da foliyesta ya zama ruwan dare wajen masu yankan layi. Ka nemi mai matsakaicin tauri. Mai laushi ƙwarai ba ya iya tura fenti mai kauri, mai tauri ƙwarai kuma yana barin zane kamar an ja mataji. Ranar da za ku yi fentin mai a ƙofa ko firam, wannan buroshin naka ya zauna a jaka. Kowane fenti da nasa.

Kada ka saya a rufe, ka roƙi mai kaya ya bari ka zare shi daga kwalinsa. Ka danna gashin a tafin hannunka ka saki. Mai kyau zai buɗe a haɗe kamar mafici, ya koma yadda yake nan take, marar kyau kuwa rabewa zai yi gida gida kamar yatsu. Ka ja gashin da ɗan ƙarfi. Sili ɗaya ko biyu su fita a sabon buroshi ba komai, amma idan kowane ja sai ya biyo ka, a jikin bangon mutane zai ƙarasa zubewa. Ka dube shi ta gefe: ya kamata ya yi kauri a gindi ya sirance zuwa baki kamar bakin kurfi, domin gashinsa ba tsawo ɗaya ba ne. Wanda aka datse bakinsa a miƙe kamar an sa almakashi, bar shi. Ka kalli ƙarshen gashin a haske, za ka ga na kirki kamar ya tsattsage ya yi laushi. Wasu suna ɗauka lalacewa ce, alhali da gangan aka yi, wannan tsagewar ce ke riƙe fenti ta kuma shafe sawu. Ka buɗa tsakiyar gashin. Ɗan katako ko roba da za ka gani a ciki al'ada ce, shi ke samar da ɗan ɗakin da fenti ke zama, amma idan ramin ya yi faɗi gashin kuma kaɗan ne a zagaye, an yi maka rowar gashi. Daga nan ka murɗa ƙarfen da ya haɗa gashi da ƙota. Kada ya motsa. Wanda aka kafe da ƙananan ƙusoshi ya fi wanda aka matse kawai, kuma wanda ba ya tsatsa ya fi, don tsatsa tana zubowa cikin farin fenti. Ƙota kuwa hannunka ne alƙali. Ta katako marar fenti ba ta santsi idan ka yi gumi, gajera kuma tana da daɗi a lungu. Sunaye irin su Purdy da Wooster da Hamilton da Harris sun shahara a wannan fanni, amma suna a jikin ƙota ba ya hana ka yin gwajin nan, jabu ba ya ƙarewa. Araha ba ta ado, gaskiya ne, sai dai ba lallai ne ka ɗauki mafi tsada ba. Wanda ya ci waɗannan gwaje-gwajen ya isa.

Yanzu hannun. Ka daina tsomawa daga babban bokiti. Ka zuba fenti kaɗan a ƙaramin gwangwani, zurfin kamar santimita 3, wanda za ka iya riƙewa a kan tsani. Ka ɗan jiƙa buroshin da ruwa ka yarfe kafin ka fara, hakan na hana fenti kamawa a gindin gashi. Kashi ɗaya cikin uku na tsawon gashin kawai za ka tsoma, sannan ka bubbuga shi a cikin gwangwanin hagu da dama. Kada ka kankare shi a baki, in ka yi haka ka mayar da fentin da ka ɗiba ne. Ka riƙe shi kamar alƙalami, yatsunka a kan ƙarfen.

Ga sirrin da nake zaton ba a gaya maka ba, domin yawancin masu koyo da ido suke ɗauka, ido kuma ba ya kama shi. Ba a fara sauke buroshi a kan layi. Idan ka ɗora cikakken buroshi a mahaɗar bango da silin, fentin da ya taru dole ya nemi hanya, hanyar kuwa silin ce. Ka fara sauke kayan a ƙasa da layin da kamar santimita 1 ko 2, ka ja tsawon wajen santimita 30. Sannan ka dawo ba tare da ka sake tsomawa ba, ka ɗan danna har gashin ya buɗe, ka matsa sama a hankali har 'yan silin gashin gefe su taɓa layin, ka ja. Waɗannan 'yan silin su ke zana layin, sauran buroshin rumbu ne kawai da ke ciyar da su. Za ka ga wani ɗan siririn tudun fenti yana tafiya a gaban gashin. Shi za ka riƙa kora. Idonka ya kasance a ɗan gaban buroshin, inda za shi. Motsin daga kafaɗa da gwiwar hannu zai fito, wuyan hannu a tsaye. Saurin kuma matsakaici, domin jan da ya cika sanyi shi ke nuna kowace rawar hannu. Ka gyara tsani yadda idonka zai kusa da layin, kuma ka sauko ka matsar da shi maimakon miƙa jiki. Rabin karkataccen layi daga ƙyashin saukowa yake.

Faɗin abin da za ka yanka ya kai santimita 5 zuwa 7, yadda rola za ta hau kansa ba tare da ta goga silin ba. Bango ɗaya za ka yanka a bi shi da rola tun bai bushe ba, in ba haka ba sai ka ga ɗakin ya yi zobe mai launi daban a gefe gefe. Ka ajiye jiƙaƙƙen tsumma a aljihu. Kuskure a fentin ruwa, in ka lulluɓe bakin wuƙar cike rami da tsumma ka goge nan take, ba wanda zai sani. Wani abu kuma da zai rage maka zargin kai: mahaɗar bango da silin ba kasafai take a miƙe ba, mai filasta ma ɗan Adam ne. In ka bi kowane tudu da kwari nata layinka zai yi rawa ko da hannunka bai yi ba. Ka ja miƙaƙƙe, ka bar launin bangon ya tsaya gashi ɗaya ƙasa da silin a inda ta lotsa. Daga ƙasa ido miƙewar yake gani.

Shawarar abokinka ta salatif ba banza ba ce. Salatif ɗin takarda don masu fenti aka ƙirƙiro shi tun 1925, lokacin da Richard Drew na kamfanin 3M ya ga wahalar da masu fentin mota ke sha wajen raba launi biyu. Yana da amfani a kan gilashi da tayil da katako mai santsi, da inda launi biyu suka haɗu a tsakiyar bango babu kusurwa. Ka danne bakinsa da kyau, ka cire shi a karkace tun fentin bai gama bushewa ba. Amma a bango mai kaushi fenti yana kutsawa ta ƙarƙashinsa, a kan fentin da bai ƙeƙashe ba kuma yana tasowa da shi. Sannan manna shi a ɗaki guda yana cin lokacin da ƙwararre zai yanka ɗakin ya gama. Ka iya shi, ka yi amfani da shi inda ya dace, amma in ka jingina da shi shekara biyar nan gaba ma ba ka iya yanka ba.

Buroshin nan in ka saya, kula da shi rabin aikin ne. Ana cikin aiki, duk bayan awa ɗaya ko biyu ka wanke shi, musamman ranar zafi. In za ka huta ka naɗe shi a leda. Da yamma ka wanke da ruwa da sabulu har ruwan ya fito fes, ka taje shi da mataji daga gindi zuwa baki, ka yarfe, ka gyara bakinsa da yatsa, ka mayar da shi kwalinsa. Kada ka yar da kwalin, shi ke riƙe masa siffa. Kada kuma ya kwana a tsaye kan gashinsa cikin ruwa, da safe za ka tarar ya lanƙwashe, kuma da wuya ya koma.

Kafin ka kai shi wurin aiki, ka ba shi mako guda a gida. Samo guntun filawud ko kwali mai kauri, ka ja layuka da fensir, ka roƙi ragowar fenti, ka yi minti 20 kullum. Na kwance, na tsaye, sannan ka kafa shi sama da kanka ka yi a kan kujera. A nan ba mai kallo, rawar hannun za ta tafi da kanta.

Sai maganar oga. Ina ganin tsoronka na raini yana da tushe, amma ya danganta da yadda buroshin ya shigo. In ka zare shi daga jaka a gaban mutane kamar shaida a kotu, ka tayar da tsohuwar rigima. Ka same shi shi kaɗai, bayan an tashi, ka ce, "Oga, ka yi haƙuri da amsar da na ba ka a gaban Hajiya, ban kyauta ba. Ina so in iya yankan layi kamar naka. Na tara ɗan kuɗi zan sayi buroshi, wane iri kake ganin ya dace da ni?" Ko ka riga ka san amsar daga nan, ka tambaye shi. Ka mayar da shi malami a kan abin da yake alfahari da shi, kuma ba ka janye gaskiyarka ba. Ka roƙe shi ya bari ka tsaya kusa da shi ka kalli hannunsa na minti biyar, sannan ya ba ka wurin da ido ba ya yawan zuwa, kamar sito ko bayan ƙofa, ka fara da shi. Maganar faɗa a gaban mutane kuwa ka ajiye ta zuwa ranar da kuke dariya, ka ce masa in ya ja ka gefe ka fi ganewa.

Idan ya ce bai yarda ka zo da naka ba, kada ka yi gardama. Ka ci gaba da atisayenka a gida, a wurin aiki kuma ka nemi ya bar ka a rola da shiri har sai ya ga dama, ko ya yarda ka sa salatif a inda ya ba ka yanka. Barin aiki ban ga lokacinsa ba, faɗa ɗaya a wata takwas bai kai ba. Amma ka sa ido na wata uku. In kunyatawar ta zama ta kullum, kuma ya ƙi nuna maka komai duk da ka roƙa da ladabi, to sai ka nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya shiga tsakani, in ta ƙi ka nemi wani maigidan ku rabu lafiya. Sana'ar ba za ka bari ba.

Idan har yanzu ba a gyara silin ɗin matar nan ba, ka roƙi oga ya bar maka gyaran. Ka tabbata shuɗin ya bushe sarai, ka bi shi da farin silin shafa biyu, kana barin tazarar da aka rubuta a jikin bokitin tsakaninsu. Washegari ka sake yanka shuɗin daga ƙasa, bango ɗaya, ka sauko ka kira shi ya duba kafin ka taɓa na biyu.